Jaka da Jika: Wahalhalun Sana'ar Ɗinka Jaka da Leda da Tsohon Buhu

Laccar da aka gabatar a Gabi, gundumar Madarunfa, jihar Maraɗi



Mai martaba Sarkin Gabi, Allah ya ja zamaninka. Limamai da malamai, Allah ya gafarta muku. Masu gari da shugabannin kwamin, ina gaisuwa. Iyayena mata na ƙungiyoyin asusu, waɗanda suka cika rumfar nan tun ba a gama shimfiɗa tabarmi ba, sannunku da ƙoƙari. Teloli, dukawa, da ƴan lakwal ɗin can masu leƙe ta bayan zana, ku ma na gan ku. Na gode da gayyata, na gode kuma da furar da aka tarbe ni da ita. In kun ji muryata ta yi sanyi nan gaba, laifin furar ne.

An ce in yi magana kan sana'ar ɗinka jaka da abin da aka yar: baƙar leda, ledar piya wata, tsohon buhu, ƙyallen tela. An kuma roƙe ni in ƙarfafa gwiwar masu son shiga. Zan yi, amma ta hanyar nuna muku inda ƙaya take, don na ga waɗanda aka tura cikin wannan sana'a da guɗa suka fito da bashi.

A bakinmu na nan, abin da yaro ke ratayawa zuwa lakwal jikka ne, takardar sefa dubu ma jikka ce. A da dala 200 ake ƙirgawa a ɗaure cikin mazubi guda, sai sunan mazubin ya bi kuɗin. Don kada mu ruɗe, yau zan ce jaka in ina nufin ta ratayawa, in ce jika in ina nufin kuɗi. Tambayata guda ce: me ya sa jaka ke wuyar komawa jika?

Mu dai ba baƙin jaka ba ne. Malam yana da gafakarsa, wanzami yana da zabirarsa, falke yana da burgami da taiki, jaki yana da mangala, mai zuwa kasuwa yana da sanho na kaba. Fatar jar akuyar Maraɗi ta sha ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don can suka gan ta. Yau ku tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin wannan akuyar. Leda ce, curi guda. Da damina kuma ruwa ya share ta daga lungunanmu zuwa Gulbin Gabi, gulbi ya miƙa ta tafkin Madarunfa. Wani bincike da masana suka fitar a Amurka a 2017 ya ƙiyasta cewa daga sharar roba tan biliyan 6.3 da duniya ta tara zuwa 2015, kashi 9 cikin ɗari kaɗai aka sake sarrafawa. To wanda ya dubi wannan ya ce bari in mai da shara kuɗi, ya yi tunani mai kyau. Sai dai tsakanin tunanin da cinikin akwai kwazazzabai bakwai.

Na ɗaya: shara kyauta ce, tsabtatacciyar leda kuwa da tsada.

Wannan ne ruɗin farko. Ana ce wa mata, kayan aikinku ga shi nan zube a juji, ba ko dala. Haka ne? Wa zai tsinto? Wa zai ware mai kauri da marar kauri, ya yar da wadda rana ta riga ta cinye? Wa zai farke, ya wanke da omo sau biyu, ya shanya, ya tsare kada iska ta kwashe? Ruwan wankin daga ina? Matar da ke bin layin famfo don ruwan sha ta san farashin jarka ko da ba ta ba da kuɗi ba. Kafin allura ta taɓa ledar, rabin yini ya tafi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai kuma abin da masu kawo dabarar daga birni ba su lura da shi ba. Leda tana taruwa ne inda mutane suka yi cunkoso: tashar mota, asibiti, gidan biki, babbar kasuwar Maraɗi ranar Litinin da Juma'a. Mu a nan, in aka ɗebe ranar kasuwa, ledar piya wata ba ta isa ta ciyar da keke biyu kullum ba. In kuwa za a ɗauko ta daga Maraɗi, ga kuɗin mota, ga ƴan bola jari da suka riga mu, masu aunawa da kilo suna turawa masana'antun roba na Kano.

Abin da ƙasar noma ke da shi buhu ne: na shinkafa, na sukari, na fulawa, na taki. Ga kuma buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi don ajiyar wake, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Yana da buhun saƙa a waje da leda biyu masu kauri a ciki. Da zarar ledar ciki ta huje, ta gama amfani ga wake, amma ga mai ɗinka jaka shafi ce mai hana ruwa da ba ta da na biyu. A ganina, wanda ke Gabi da buhu ya kamata ya fara. Amma ku sani tsohon buhu yana da farashi tun kafin mu zo, don mai gawayi yana so, mai dusa yana so, mai yin igiya ma yana warware shi.

Gargaɗi guda, kuma da babbar murya: buhun da ya ɗauki taki, ko irin shuka mai magani, ko hatsin da aka sa wa fiya-fiya, kada ya zama jakar cefane, kada ya zama jakar da yaro zai sa ƙosai a ciki. Wanki ba ya ba da tabbaci. A yi mangala da shi, a yi murfin babur.

Na biyu: rana da allura.

Kun taɓa ɗaga buhun da ya yi wata biyu a kan rumfa? Yana zuba kamar gari. Zaren buhu ba ya shiri da rana, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi kan haura 40 a ma'auni. Buhun da aka tsinto a fili yana iya yin kyau a ido alhali ya mutu. Gwajinsa ba wuya: a zaro zare ɗaya a ja. In ya tsinke ba gardama, a bar shi.

Leda kuma allura ce abokiyar gabarta. Yadi in allura ta shiga, zarensa matsawa yake ya ba ta hanya. Leda hujewa take, kuma huji ba ya rufewa. In tela ya ɗinka ta da ƙananan taku irin na riga, ya jera mata layin yagewa da hannunsa. Sai a buɗe takun keke, a ninka baki, a sa ƙyalle a tsakani. Masu haɗa leda da dutsen guga su tuna ba duk roba ce uwa ɗaya ba: ledar piya wata tana narkewa da zafi kaɗan sama da na tafasar ruwa, zaren buhu sai wajen 160, kuma biyun ba sa kama juna. A yi gugar tsakanin takarda biyu, a fili, ba cikin ɗaki da goyo a baya ba.

Ina jaka take mutuwa? A maɗauri da zif. Sauran jikinta na iya shekara uku, amma in maɗauri ya cire cikin makon farko, uwar yaron za ta faɗa a bakin rijiya, kafin la'asar gari ya ji. Ba sunan jakar kaɗai ya ɓaci ba, har na duk mai ɗinka irinta.

Na uku: lissafi. A nan zan daɗe, ku yi haƙuri.

Na tambayi mata da yawa nawa jakarsu ta ci. Amsar kusan ɗaya ce: "Zif kawai na saya." Bari mu yi lissafin tare. Lambobin da zan faɗa na allo ne, don misali. Kowa ya goge ya sa na kasuwarsa.

A ce jakar lakwal ce. Buhu biyu, dala 60. Zif, dala 40. Maɗauri da ƙarfensa, dala 60. Shafi, dala 80. Zare da allura da man keke, dala 20. Omo da ruwa, dala 20. Nawa ke nan? Baba mai goro ya riga kowa: dala 280, wato jika ɗaya da dala 80. Ba mu sa ladan hannu ba. A ce Inna tana gama biyu a yini, kuma yininta a wani aikin, ko surfe ko tuyar ƙuli-ƙuli, zai ba ta jika ɗaya da rabi. Kowace jaka ta ɗauki dala 150 ke nan. Mun kai jika biyu da dala 30. Saura kuɗin mota zuwa sayen zif da dawowa, saura jakar da ta lalace a keke, saura wadda ƙanwar miji ta ɗauka ta ce za ta kawo kuɗin gobe. Kun yi dariya, amma wannan goben ta rufe sana'o'i da yawa. Mu ce jika biyu da rabi.

To, in ɗan tebur a kasuwa yana da jakar kanti mai zanen ɗan ƙwallo a jika biyu, ko ta gwanjo a ƙasa da haka, me Inna za ta yi? Sai ta sayar a jika biyu, ta koma gida tana murna ta yi ciniki. Kuɗi sun shigo hannu, gaskiya ne. Amma mafi yawan ladanta ta ba mai saye sadaka, ba ta sani ba. Haka za a yi wata shida, ranar da keke ya lalace a duba gwangwani a tarar ba na gyara.

Mafita ba ta wuce uku ba. Ko a rage lokacin da jaka ke ci, ko a ɗinka abin da kanti ba ya kawowa, ko a bar samfurin. Rage lokaci yana samuwa da raba aiki: wasu wanki, wata yanka a kan ma'aunin kwali guda, wata ɗinki, wata duba. Mace ɗaya mai yin komai daga juji har kasuwa ba za ta taɓa kamo kanti ba. Kuma jakar saƙa da kwarashi, duk kyanta, in tana cin kwana huɗu, a yi lissafin kwana huɗun kafin a yanka mata farashi.

Littafi kuma dole ne. Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, wadda ba ta da ko ɗaya ta sa ɗiyarta. Kuɗin jaka da kuɗin cefane kada su kwana a lalita ɗaya.

Na huɗu: wa zai saya?

Duk mai koyar da wannan sana'a yana da labarai masu daɗi, kuma gaskiya ne. A Zurich ta ƙasar Suwizalan, ƴan uwa biyu, Markus da Daniel Freitag, sun fara ɗinka jaka da tsohon tamfol na manyan motoci a 1993. Yau jakarsu guda na iya haura jika ɗari. A Accra, kamfanin Trashy Bags yana ɗinka ledar piya wata tun 2007. A Bobo Julaso ta Burkina Faso, matan ƙungiyar GAFREH suna yanka leda siri-siri su saƙa ta a masaƙa kamar zane. A ƙauyen Njau na Gambiya, Isatou Ceesay da wasu mata ƙalilan sun fara saƙa ƴan jakunkunan kuɗi da leda a 1997, ana yi musu dariya ana ce musu ƙazamai, har suka riƙa aikin a ɓoye.

Amma ku tambaya: wa ke sayen kayan nan? Baturen Zurich yana biyan kuɗin labari, yana alfahari jakarsa ta taɓa yawo a bayan mota. Na Accra da Bobo sun jingina sosai ga baƙi da masu oda daga ƙetare. Baƙon yawon buɗe ido nawa kuka gani a Gabi bana? Mutuminmu in ka ce masa daga juji ta fito, farashi zai rage, in ma bai ajiye ta ya goge hannu ba. Amarya ba za ta so a ce jakar lefenta ledar piya wata ce ba, ni kuma ban ga laifinta ba.

Na taɓa aiki da wata ƙungiyar mata da wani shiri na agaji ya horar. An ba su kekuna, shirin kuma ya riƙa sayen duk abin da suka ɗinka don rabawa a tarurruka. Farashi mai kyau, ba tayi, ba ragi. Shekara biyu ana haka, ni ma ina cikin masu tafi. Da shirin ya naɗe tabarmarsa, na koma na tarar da jakunkuna jibge har rufin ɗaki, ɓera ya fara rabonsa. Cikin shekara biyun nan ba wadda ta taɓa tsayawa a kasuwa ta ji mai saye ya ce albarka. Ban gaya musu da wuri ba, wannan laifina ne, shi ya sa nake gaya muku yau. Mai sayen tausayi sau ɗaya yake zuwa, ko ya zo har ranar da kasafinsa ya ƙare.

Ku dubi jakar da ake kira Ghana-mos-go, wadda ta samu sunanta a 1983 lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu. Zaren buhu ce ita ma. Akwai wanda ya taɓa sayenta don tausayi? Tana da araha, tana cin kaya, tana naɗuwa. Irin wannan dalilin za mu ba mai saye. Mai babur yana buƙatar jakar gefe mai hana ruwa. Mai kai tumatir da zogale daga fadamun Jiratawa yana buƙatar mazubin da ba ya yagewa. Almajiri yana buƙatar gafakar da damina ba za ta jiƙa masa takardu ba. Mai jaki yana buƙatar mangala. Ba wanda ke ɗinka mangala a Sin, don ba su san ma'aunin jakinmu ba. Wadda kuma hannunta ya faɗa, ta haɗa leda da guntun jar fata daga wajen dukawa, ta nufi baje kolin SAFEM na mata masu sana'ar hannu a Yamai. Kasuwa biyu ce, kowace da kayanta da farashinta.

Jakar lakwal kuwa lokacinta ɗaya, komawar yara a watan Oktoba. Wanda ya fara yanka buhu a ƙarshen Satumba ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matsalar ita ce watannin da ya kamata a yi ɗinkin su ne na noma, hannu yana gona, aljihu kuma ya bushe.

Na biyar: iyaka.

Jakar tamu ce, amma zif da zare da maɗauri da allura, galibi ta Kano da Katsina suke biyowa, su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A Agustan 2023 aka yanke wutar da ke zuwa mana daga can, masu keken lantarki a Maraɗi suka zauna suna kallon masu keken ƙafa. Kada ku raina tsohon kekenku na ƙafa, Butterfly.

Naira kuma wuƙa ce mai baki biyu. A Yunin 2023 aka sake ta, kasuwa ta yanka mata farashi. Dalar Amurka, ba tamu ba, da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,400 a farkon 2024. Mai sefa ya ji daɗi, zif ya yi masa araha. Amma jakar da aka gama ɗinkawa a Kano ita ma ta yi araha, a mota ɗaya suka zo. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ranar da ya fara aiki, zai kai kayanmu can, zai kuma kawo nasu nan da yawa.

Maganar tsaro ba sai na koya wa mutanen Gabi ba. Kun fi ni sanin hanyoyin da ba a bi bayan la'asar, da abin da dajin Baban Rafi ya zama a ƴan shekarun nan. Allah ya kawo mana sauƙi. Ta fuskar sana'a dai, ƙungiya ta tura mutum ɗaya ya sayo na wata uku ya fi mata goma kowace ta yi tata tafiyar.

Na shida: jari da takarda.

Nan ba ni da abin koya wa iyayena. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar nan aka haife shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Abin lura kawai: bashin asusu gajere ne. Ya dace da zif da zare, da za su koma kuɗi cikin makonni. Bai dace da babban keke ba, wanda sai ya shekara yana biyan kansa. Keke a saye shi da rabon ƙarshen zagaye. Ranar da kuma wata makaranta ko ma'aikata ta ce a kawo jaka ɗari biyu, za ta nemi rasit da lambar haraji ta NIF. Ƙungiyar da ba ta da rajista sai ta bi ta hannun ɗan kwangila, shi ya sha romon.

Na bakwai: doka.

Da yawa ba su san cewa tun 5 ga Nuwamban 2014 ƙasarmu tana da doka mai lamba 2014-63 da ta hana ƙera ledar nan marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita ba. Ku dubi ledar da ta maƙale a bishiyar can ku gaya mini ko dokar ta iso. Amma Ruwanda ta hana a 2008 ta kuma tsaya a kai, Kenya ta bi a 2017 da tara mai tsanani. In wata rana aka wayi gari hukuma ta ɗaure ɗamara a nan, me zai faru? Mai saƙa baƙar leda ya rasa kayan aiki. Mai ɗinka jakar cefane da buhu kuwa, kowace mace mai zuwa kasuwa ta zama mai sayensa. Ga wani dalilin da ya sa na ce buhu. Shugabannin kwamin kuma, tun da kuna zaune: buhu huɗu a kusurwoyin kasuwa don tara ledar piya wata, da izinin ƙungiya ta kwashe da yamma, ba ya buƙatar sa hannun Yamai.

Ranka ya daɗe, na ga ladan yana duban rana, ni ma furar ta fara aikinta.  Abin da na yi kuskure Allah ya yafe, ku ma ku yafe.

Ga jaka uku nan a kan tebur: ɗaya ta ledar piya wata, ɗaya ta buhun shinkafa, ɗaya saƙar kwarashi. Cikinsu akwai wadda na ɗinka da buhun da rana ta ci, da gangan, ban kuma faɗi ko wacce ce ba, ko buhun yana cikin shafi ko a waje. A zagaya da su, a ja maɗauri da ƙarfi, kada a ji tausayina. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.